Sunan Dami na Biyu

Mas'udu ya iya lissafi, wannan ko masu jin haushinsa ba su musa ba. Abin da bai iya ba shi ne cewa a'a ga wanda ke zaune a kujera mai juyi, kuma wannan ɗan ciwon ne ya ja masa abin da ya ja.

Aiki ya samu a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke haya a Tudun Wada, cikin Gusau. Aikin gwaji ne, ba a riga an tabbatar da shi ba. Ƙungiyar ta tura ma'aikata ƙauyukan Bungudu da Tsafe da 'yan bindiga suka addaba, suka bi gida-gida da tambayoyi: rufin ɗakinka kwano ne ko ciyawa, kana da awaki, kana da babur, ka noma bana, ka girbe, an taɓa ɗauke wani naka? Duk amsoshin aka zubo wa Mas'udu a kwamfuta, aka ce ya fito da ma'ana.

Dabarar da ya ɗauko, 'yan boko na ce mata PCA, shi kuma in zai yi bayani da Hausa sai ya ce ɗaurin dami ne. Kwamfuta takan duba tambayoyin da amsoshinsu ke tafiya tare, ta ɗaure su wuri guda. Kowace tambaya kuma ta ba ta lamba, wadda yake kira nauyi. Mai nauyi sosai ita ce ke riƙe da damin, marar nauyi kuwa rakiya kawai ta yi. Wani nauyin yana ɓangaren ƙari, wani yana ɓangaren ragi, wato in wancan ya hau, wannan sauka yake yi. Iyakar aikin kwamfuta ke nan. Ba ta raɗa wa dami suna. Sai mutum ya zauna ya dubi masu nauyin, ya ce wannan damin abu kaza yake nufi.

Dami na ɗaya bai ba kowa wahala ba. Rufin kwano, katifa, awaki, cin abinci sau uku, duk suka taru wuri guda, ko makaho ya shafa zai ce wadata ce. Dami na biyu ne ya tsaya masa a wuya. Abu huɗu ne suka yi nauyi a ɓangaren ƙari: mallakar babur, riƙe waya biyu, yawan bin hanyar birni, da girbe gonar da ke bakin daji. A ɓangaren ragi kuwa akwai ƙona rumbu da ɗauke ɗan gida.

Ya kai wa shugabar ofishin, Hajiya Lami, mace mai turare da gajen haƙuri. Kusa da ita Mahadi na zaune, jami'in hulɗa da jama'a, wanda ya riga Mas'udu zuwa ofishin kuma bai taɓa yafe masa iya lissafin nan ba.

"To, sunansa fa?" in ji Hajiya, tana duban takardar ta saman tabarau.

"Ranki ya daɗe, ban sa masa ba tukuna. Nauyin yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne kawai, ba ya faɗin dalili."

"Mu da muka ɗauko ka don ka faɗa mana dalili?"

Mahadi ya miƙa wuya ya karanta, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Hajiya, ai wannan ko yaro ya gani ya gane. Mutum yana da babur, yana da waya biyu, kullum yana kan hanya ba a tare shi, ya girbe gonarsa a bakin daji, ba a ƙona masa rumbu ba. Wa mutanen daji ke ƙyalewa haka in ba nasu ba?"

Mas'udu ya san abin da wannan magana take nufi a ƙauyukan nan. Wanda aka ce infoma ne, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba a kai shi gaban alƙali. 'Yan sa-kai ne ke zuwa su ɗauke shi, ba kowa ke dawowa ba. Ya kuma san mutum guda da abubuwan nan huɗu suka hau kansa daram: Kawu Tukur, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya a Gidan Tambaya, can bayan Rawayya. Babur ɗin ma shi Mas'udu ya saya masa lokacin da yake hidimar ƙasa. Waya ta biyu ma shi ya kai, don layin farko ba ya kamawa sai an hau dutse. Da wayar ake sanar da Kawu in an ga motsin 'yan bindiga, da babur ɗin yake sheƙawa gona ya kwaso abin da ya samu kafin rana ta yi tsaka. Duk gidan da ke da ɗa a birni haka yake. Da an tambayi mutane ko suna da ɗa a Gusau, da wannan tambayar ce za ta fi kowace nauyi, amma ba wanda ya tuna da ita lokacin tsara tambayoyin.

Ya faɗa musu haka, a hankali, yana sosa ƙeya. Kawu ne kawai bai ambata ba, don ba ya son Mahadi ya samu abin yi masa ba'a.

"Wannan tambayar tana cikin kwamfutarka?" Hajiya ta tambaya.

"Babu."

"To hasashe kake yi ke nan. Shi ma Mahadi hasashe yake yi, amma nasa ya fi daɗin ji. Mutanen Abuja sun gaji da labarin rufin kwano. Rubuta: Alaƙa da Mutanen Daji."

"Ranki ya daɗe, in wannan ya fita…"

"Ina zai fita? Rahoton ofis ne. Akwai sunan wani a ciki?" Ta tura masa takardar. "Kai dai ƙauyanci bai sake ka ba, komai sai ka ji tsoro. Ƙarshen wata zan rubuta a kanka, ka sani ko?"

Ya rubuta. Ya gaya wa kansa takarda ce kawai, za ta je Abuja ta kwanta a durowa kamar sauran.

Sai dai ƙungiyar tana da al'ada, in an gama bincike akan tara shugabannin al'umma a gaya musu abin da aka gano, a ɗauki hoto, a ci shinkafa. Aka kama wani zaure a Bungudu, dagatai da masu unguwanni suka cika kujerun roba. Daga Gidan Tambaya dagaci ya zo, tare da Yahaya, shugaban 'yan sa-kai na garin, dogo marar fara'a wanda aka kashe masa ƙane a kan hanyar gona bara. Mahadi ne ya fassara shafukan da za a haska a bango, Mas'udu ne mai bayani.

Kuma ya yi bayani mai kyau, Allah ya sani. Da ya kawo misalin dami, tsofaffi suka gyaɗa kai, wani ya ce wannan yaro ya sha nono. Dagacin garinsu ya juya yana gaya wa na kusa da shi cewa ɗansu ne. Daɗi ya cika Mas'udu har ya fara taku a gaban mutane hannu a aljihu. Ya danna maɓalli, shafi na gaba ya fito, sai ga sunan nan a bango da manyan baƙaƙe, da Hausa tsantsa, ƙarƙashinsa zanen dogayen sanduna huɗu masu nuna nauyin. Ya waiga ya dubi Mahadi. Mahadi na ta latsa wayarsa.

"Malam," in ji Yahaya daga baya, bai ko ɗaga hannu ba. "Karanta muna abin ga da ƙarhi. Ba kowa ad da boko ba."

Ya karanta. Babur, waya biyu, bin hanya, gonar bakin daji. 

Hajiya Lami ta yi murmushin taro. "Ku kwantar da hankalinku, babu sunan kowa a ciki. Mu ba ma bayyana suna."

"Hajiya, suna na mi?" Yahaya ya ce. "Kowa ya san garinsu." Ya sake duban Mas'udu. "Ni tambayata guda ta. Wanga abu, ra'ayinka na, ko inji yan nuna?"

Nan ne wurin. Amsar tana bakinsa, ya san ta kamar sunansa: inji ya nuna sandunan, sunan kuwa mutum ne ya sa. Amma in ya faɗi haka, tambaya ta gaba ita ce wane mutum, ga kuma Hajiya ta kafe shi da ido, ga masu shinkafa sun fara shigo da kuloli. Ya ce a ransa zai gyara daga baya, a keɓe, in mutane sun watse.

"Lissafi ne ya nuna," ya ce.

Yahaya ya gyaɗa kai sau ɗaya. Kafin a gama rabon abinci ya fita, ko shinkafar bai tsaya karɓa ba.

A mota Mas'udu ya yi ta maza ya tambayi Mahadi dalilin barin shafin. Mahadi ya buɗe hannuwa. "Ni fassara aka ce in yi, ba tankaɗe ba. Kuma ai kai ka ce lissafi ne, kowa ya ji." Hajiya ta ce taro ya yi armashi, a rage surutu kanta na ciwo.

Da la'asar ya kira Kawu Tukur. Ya ce masa ya ɗauko matarsa, Inna Ma'u, su zo Gusau su kwana biyu, ana wata magana marar daɗi a kan masu babura. Bai gaya masa daga bakin wa maganar ta fito ba. Kunya ce ta hana shi.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Kai Mas'udu, dawa na ƙasa ba a sussuke ba, in bar ma wa? Kuma wa za shi taɓa ni garin ga? Yahaya? Ni nir raka ubanai neman auren uwatai. Bari in ƙare aiki, sai in zaka in ga ofishin naka."

Bai zo ba. Ana cikin makon Inna Ma'u ta kira da hantsi, muryarta kamar ba tata ba. Ta ce mutanen Yahaya sun tare Kawu a ƙofar masallaci bayan an idar da salla, sun tafi da shi rumfar 'yan sa-kai, sun kuma dawo sun ɗauki babur ɗin da wayoyin.

Mas'udu ya saɓa jakar kwamfuta ya fita, ko izini bai nema ba. Mota ta sauke shi Rawayya, ya hau ɗan acaɓa ya ƙarasa. A hanya yana ta shirya bayani a kansa, tiryan-tiryan, irin wanda ya kamata ya yi a Bungudu. Har ya ɗan samu natsuwa, don gaskiya na hannunsa kuma zai iya nuna ta.

A zauren dagaci ya same su, dattawa a kan tabarmi, Yahaya a tsaye jikin ƙofa da bindigarsa ta gida. Kawu ba ya nan. Ya gaishe su, ya durƙusa ya buɗe kwamfutar a kan buzun dagaci. Ya ce musu sunan nan ba inji ya sa ba, mutane ne suka sa a ofis. Ya ce nauyi ba hukunci ba ne, yana nuna abubuwan da ke tafiya tare ne kawai. Ya ce duk mai ɗa a birni zai samu babur da waya, kuma na Kawu shi da hannunsa ya saya.

"Wancan na Bungudu ba haka yac ce ba," in ji Yahaya. "Wancan cewa yay yi lissahi na. Ko ba kai ba na?"

"Ni ne. Kuskure na yi."

"Ran nan kay yi kuskure, ko yau da anka kama kawunka?"

Wani dattijo ya yi gyaran murya. Mas'udu ya kamo abin da yake gani hujja ce da ba mai iya ture ta. Duk wanda ya karanta fannin ya san ƙari da ragi a wannan lissafin ba su da gindi, kwamfuta ce ke zaɓar ɓangaren da ta ga dama, in an juya su duka lissafin bai canza ba. Ya ce su matso su gani da idonsu cewa sandunan nan ba shaida ba ne. Ya danna, ya juya alamar. Sandunan babur da waya suka kife ƙasa, na ƙona rumbu da ɗauke ɗan gida suka miƙe sama. Sunan kuwa yana nan a bisa inda yake, don a gaggauce bai tuna ya goge shi ba.

"Kun gani?" ya ce, yana haki. "Wannan da wancan duk ɗaya ne a lissafi. Duka daidai ne."

Yahaya ya sunkuyo. Ya sa wani matashi mai boko cikin mutanensa ya karanta masa abin da ya hau sama yanzu. Da ya ji, sai ya miƙe a hankali.

"Wato yanzu mu da anka ƙone ma rumbu, anka kashe muna 'yan'uwa, mu na mutanen daji?"

"A'a! Ba haka nake nufi ba, nufina…"

"Kun dai gani da idonku," Yahaya ya ce wa dattawan. "Da yatsa guda ya juye shi don kawunai. Da gaskiya ag gare shi, mi za shi kai shi ga juye-juye?"

Zauren ya kaure. Wani ya ce boko ba ta bar yaran nan da kunya ba, wani ya ce a fitar da shi. Dagaci, wanda ya yi alfahari da shi a Bungudu, yanzu ko kallonsa ba ya yi. Ya ce ya rufe abinsa ya tafi gida, ana bincike. Mas'udu ya roƙa a bar shi ya ga Kawu ko daga nesa ne. Yahaya ya ce ba ya rumfa, yaransa sun fita da shi ya nuna musu inda yake haɗuwa da mutanen.

"Ba shi da inda zai nuna!"

"To sai shi ɗan yi tunani," in ji Yahaya.

Gidan yana nan yadda ya san shi, dawa jibge a tsakar gida, rabi an sussuke rabi ba a taɓa ba. Inna Ma'u na zaune bakin ɗaki da mata biyu na maƙwabta. Ita ta yi masa wanka yana ƙarami, ita ta riƙa ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai. Da ta gan shi ta tashi ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi, ka zaka. Na ce ma matan ga, in Mas'udu ya zaka magana ta ƙare. Cewa sukai wai wani inji na can birni yan nuna shi. Nic ce to ai mu ma muna da mai inji. Ka yi musu bayani ko?"

"Na yi, Inna."

"Sun gane?"

Ya ce suna dubawa. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, ta dama masa fura, ta tsaya a kansa sai ya sha. Yana sha tana tsine wa wanda ya ƙulla wa mijinta wannan sharri, tana roƙon Allah ya nuna mata shi tun a duniya. Matan na cewa amin. Shi ma ya ce amin, don in ya yi shiru za a dube shi.

Rana ta karkata aka yi sallama a ƙofar gida, aka ce ana kiran Mas'udu. Ya fita. Mutum huɗu ne ɗauke da wani abu naɗe cikin tabarma, ƙafafu sun leƙo, babu takalmi. Suka ajiye a zaure. Yahaya, da ke biye da su, ya ce Kawu ya yi ƙoƙarin gudu ne, yara kuma ba su da haƙuri. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin akuyar da ta tsinke igiya.

Mas'udu ya durƙusa gefen tabarmar. Kuka ma ya ƙi zuwa. Bai ji tahowar Inna ba, ta zo ta tsaya bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, matan nan biyu na riƙe da ita.

Yahaya ya dafa kafaɗarsa, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya, amma ba sosai ba, yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Ka yi haƙuri, Malam Mas'udu. Abin da kay yi da sahe gaban dagaci ba mu riƙe ka da shi ba, jini na, kowa haka za shi yi. Mu abin da ba mu mantawa shi na na Bungudu. Ka tsaya gaban jama'a kan nuna muna naka da bakinka, ba ka ɓoye ba. Ba kowane ɗa ka iya wanga ba. Garin ga na godiya."

Sauran suka ce wallahi kuwa, Allah ya saka. Suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Zanan ya motsa. Inna Ma'u ta shigo zauren, abin da bai taɓa gani ta yi ba in akwai maza a waje. Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsuguna ta ja bakin tabarmar ta rufe ƙafafun mijinta, sannan ta ɗago.

"Mas'udu, mi kan nuna musu Bungudu?"

Ya buɗe baki. Yana da bayanin gaba ɗaya, dami da nauyi, ƙari da ragi, wanda ya sa suna da wanda ya fassara. Ya dubi fuskarta ya rasa ta inda zai fara. Ta jira shi, ta ba shi lokaci mai yawa, har maƙwabta suka fara taruwa a ƙofa ana salati.

Liman ya iso, ya yi addu'a, ya ce a hanzarta kafin rana ta faɗi. Ya dubi Mas'udu ya ce tunda shi ne ɗa a gidan, ya tuɓe agogo ya shigo a yi wa mamaci wanka. Mas'udu ya fara kwance agogon.

"Malam," in ji Inna Ma'u, ba ta dubi kowa ba. "A kira Salisu na gidan Umar shi kama maka. Wanga kada shi taɓa min shi."